Jar Fitilar Bas ɗin Baba

Karo na huɗu ke nan Auta ta murza makulli, injin ya tashi lafiya lau, amma 'yar fitilar baƙin mai tana nan jawur a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Ta kashe motar, ta share gumi da gefen ɗankwalinta, ta sake fitowa.

Baba bai haifi namiji ba, don haka ita ce ta gaji sifana da gyaran mota. Tun tana ƙarama take miƙa masa kayan aiki, har ta kai tana jin ciwon inji daga kukansa. Yau ta baro gidan mijinta tun safe saboda wannan bas ɗin, wanda shekara ashirin da biyu Baba yake kai yaran unguwa makaranta da shi. Da shi ake ci a gidan nan, da shi aka aurar da ita da yayyenta duka.

A hutun nan ne Baba ya sauke injin a tsakar gida, ya sa sabon ringi, ya mayar da komai shi kaɗai. Maƙwabta har leƙowa suke yi suna mamaki, wai tsohon ko kallon hannunsa ba ya yi. To, aiki ya yi kyau, sai dai fitilar nan. Shi kuwa Baba ya rantse ba zai ɗauki ɗan kowa ba alhali jar fitila tana ci. An koma makaranta kwana uku ke nan, bas yana tsaye.

Wayarta ta sake yin ƙara. Maman 'yan biyu ce, mai magana da yawun iyayen yara. Ta ce sun yi haƙuri iyakar haƙuri. In gobe da safe ba su ji hon ɗin Baba ba, akwai wani direba da yake jira.

Auta ta koma kan injin. Ta zaro gejin awon mai, mai yana daidai kan layinsa. Ta canza filta. Ta hau babur ta je kasuwa ta sayo sabuwar sensa mai kunna fitilar, ta ɗaura, fitila ta ce ba ta san zancen ba. Ta aro agogon awon ƙarfin mai wurin wani bakanike, ta ɗaura shi a ramin sensar, allura ta miƙe tsaf. Ke nan famfon mai lafiyarsa ƙalau, fitilar ce take sharara ƙarya.

Duk wannan kai-komo, Baba yana zaune a inuwa da rediyonsa a kunne. Abin ya ba ta haushi ƙwarai. Mutumin da a da ko ƙusa ta faɗi sai ya tashi, yau abincinsa ke shirin suɓucewa, shi kuwa ko a jikinsa.

"Baba, miƙo min sifana mai lamba goma sha biyu."

Ya tura mata akwatin gaba ɗaya da ƙafa. "Zaɓi da kanki, Injiniya. Ni na yi ritaya daga aikin yaron shago."

Ta zagaya ta gefen da fenti ya kankare, inda Baba ya ce wani mai babur ne ya goge shi a watan jiya, ta cusa kai cikin injin. Ta cire wayar sensar gaba ɗaya, ta koma ta kunna. A ƙa'ida ya kamata fitila ta mutu, tunda ba abin da ke haɗe da ita. Ba ta mutu ba. To, wayar tana taɓa ƙarfen mota a wani wuri.

Ta kama bin ta da yatsa, taƙi bayan taƙi, ta bayan injin, ta cikin ramin da ya shiga ƙarƙashin sitiyari. Ta kwanta rigingine a wurin ƙafar direba, wuyanta a karkace, ƙura tana zubo mata a ido. A can cikin lungu yatsanta ya ci karo da abin da bai kamata ya kasance a wurin ba: wata siririyar waya, an fere wayar sensar an murɗa wannan a jikinta, an naɗe da salatif, ɗaya bakin kuma an ɗaure shi a ƙarƙashin noti. Ba ɓera ba ne, ba tsufa ba ne. Hannun gwani ne.

Ranta ya ɓaci. Direban nan da yake jira ta fara zargi, har tana tsara abin da za ta faɗa masa a gaban jama'a. Amma ta danne. Ta sa filaya ta datse wayar, ta mayar da ta sensa, ta murza makulli. Fitilar ta yi ja sau ɗaya, ta mutu.

Daɗi ya kama ta. Ta so ya gani da kansa.

"Baba! Zo ka duba min wani abu."

Ya taso a hankali, yana dafa jikin bas ɗin har ya iso ƙofa. Ya sunkuyo da kansa ta taga, ya kai fuskarsa dab da sitiyari, ya daɗe yana kallo. Sannan ya girgiza kai, ya ce da muryar da ba ta taɓa jin ta yi laushi haka ba:

"Kin gani ko? Tana nan jawur. Kira iyayen yaran, Auta, ki ce su ba wancan direban. 'Ya'yan mutane amana ne."

Ta dubi fitilar, a mace take. Ta dubi idanun mahaifinta, sun kafe a gefe guda inda babu fitilar komai, sai hawaye ya zubo mata: Baba ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa, ya dai san siririyar wayar da ya ɗaura da hannunsa don kada ya sake tuƙa yara.