Ungozoma Biyu, Rami Ɗaya

Ga misali ga wanda yake ganin ƙasar wasu ba ta san shi ba.

An yi wata tsohuwar ungozoma a wani ƙauye, wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo. Duk haihuwar da ta karɓa, ba ta tashi sai ta sallami mabiyiya, wadda tsofaffi ke kira uwar tafiya. Takan wanke ta tas, ta sa a kasko, ta haƙa rami a gefen ɗakin mai jego, ta kwantar da ita kamar baƙuwar da ta sha hanya. A wurinta wannan ba ƙazanta ba ce. Ita ta ciyar da ɗa wata tara a inda ba mai ganinsa, kuma abin da ya yi wa rai hidima, ƙasa ake mayar wa. Ta gaji magana daga kakanninta cewa yaron da aka yar da uwar tafiyarsa ba ya samun zama wuri ɗaya. 'Yarta tilo kuwa aure ya kai ta wata ƙasa can bayan teku, inda mijin yake aiki. Da ciki ya tsufa aka aiko a ɗauki tsohuwar, ta naɗe ƙaramin kasko cikin zane ta hau jirgi. Kwananta biyu da isa 'yar ta haihu a asibiti, jini ya ɓalle, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Jaririyar ta rayu. Matar da ta fitar da matan gari guda daga bakin kura, a bayan ƙofar gilashi ta tsaya har aka gama. Maza suka kai gawa makwancinta. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, amma abin da ya tokare mata ƙirji shi ne an ba da 'yarta ga ƙasar da ba ta taɓa jin sawunta tana rarrafe ba. Sai ta ƙudurta a ranta cewa ƙasar nan ta ci ɗaya, ba za ta ci biyu ba: za ta karɓi mabiyiyar jikarta ta kai gida, ta binne kusa da ta uwarta, don wata rana yarinyar ta san hanyar komawa. Da ta faɗa wa surukinta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a nan ƙonawa ake yi. Ki bar maganar." Ta koma asibitin ta zauna a kan benci, kasko a cinya, ta ƙi tashi.

Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta zo wucewa. Mace ce mai zanen jarfa a haɓa, ita ma baƙuwa ce a garin, daga wani tsibiri mai nisa ta fito. Ba su da kalma ɗaya da suka haɗa. Ta dubi kaskon, ta dubi tsohuwar, ta juya ciki, ta dawo da ƙunshi riƙe da hannu biyu. Ashe tun ranar haihuwar ta adana mabiyiyar a wuri mai sanyi, domin hannunta bai taɓa iya miƙa irin wannan ga wuta ba sai ta tambayi masu ita. Aka kira surukin ya yi tafinta. Matar ta ce a wajensu kwando ake saƙa wa mabiyiya da ganye, a binne, a dasa itace a kai, yaro na girma itacen na girma. Amma ta faɗi gaskiya mai ɗaci: ba za a bar tsohuwar ta shiga jirgi da ita ba, kuma jaririyar ai wurin ubanta za ta zauna. Tsohuwar ta karɓi ƙunshin, ta yarda a binne a nan, ba don ranta ya so ba. Washegari da hantsi matar ta zo gidan da ɗan dashen itace a hannu. Suka durƙusa a filin da ke bayan ginin, tsohuwar ta soma haƙa, zuciyarta na ƙin kowane sara. Da ramin ya kai kamu ɗaya sai ƙanshi ya taso, irin wanda ke tashi a gonar mijinta ranar ruwan farko. Ga tana tana murɗawa, ga saiwa fara siririya. Ta damƙi ƙasar ta murje a tafinta, ba ta ga abin da ya raba ta da ta gida ba. Ta yi bismilla, ɗayar ta yi 'yar magana ƙasa-ƙasa da harshenta. Da suka mayar da ƙasa, ba wadda ta koya wa wata, su biyun suka shiga daddanna ta da tafin hannu a hankali, yadda ake lallashin bayan jariri. A nan ne kukan ya zo mata. Ta yi shi har ya ishe ta, sannan ta ce wa surukin ya kai ta ta ga kabarin.

Bayan arba'in ta koma gida ita kaɗai. Matan da suka zo ta'aziyya suna ta jimamin nisan wurin da aka bar 'yarta, cikin mutanen da ba a san su ba. Ta saurare su har suka gama, ta ce, "A cikin ƙasa na bar ta. Ni ma cikinta ɗin ne za ku kai ni."

Dama Hausawa sun ce, komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.