Teburin Malam

Ranar ba da maki, mutum-mutumin da ɗalibai suka ƙera ya doshi ƙofar ɗakin gwaji tiryan-tiryan. Yana zuwa daidai teburin Malam sai ya yi dogon kwana, ya raɓa ta jikin bango.

"Wannan ce gajeriyar hanyar da na koya muku?" Malam ya zaro jan biro. "Babu abin da ya tare shi. Kun ɓata taswirar."

Ɗaliban suka ja da baya kamar kullum. Malam ya fizgi kwamfutarsu ya duba da kansa. Taswira tsaf, lissafi daidai.

Daga can baya wata ɗaliba ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, kai ka ce ya koyi tafiya daga mutane. Zirga-zirgarmu a ɗakin nan muka ɗauka da kyamara tun farkon zango."

Ta kunna allo. Sawayensu suka bayyana, layi kan layi, sun cika ɗakin. Wuri ɗaya ne ya rage fari fat, ƙafar kowa ba ta taka shi ba.

Malam ya daɗe yana kallon wannan farin fili, teburinsa a tsakiya. Sannan ya mayar da biron aljihu.