Jaririn Yaya Suwaiba

Gwaggo Ladidi ta sa takalmi wari da wari, babu wanda ya lura sai ni. Tun safe mata suka cika tsakar gida, don Yaya Suwaiba ta haihu a Kumasi, ni kuma ce mai karanta saƙo.

Tun shekarar da wata cutar kwamfuta mai ɓuya cikin hoto ta cinye na'urori, doka ta hana tura hoto. Rubutu zalla ake aikowa, a siffanta jariri da kalmomi.

Na karanta murya ƙasa-ƙasa: "Namiji ne. Goshinsa na Kawu Tanimu, hancin kuwa babu."

Aka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa.

"Hanci zai fito," in ji Gwaggo. "Uwarsa ma haka na haife ta."

Sai wani saƙon ya shigo da sunan Yaya, da ɗan hoto dishi-dishi a ƙasansa.

"Buɗe mini jikana, Rumasa'u."

"Gwaggo, wayar nan ce ke sarrafa firjin allurarki. In cuta ce, maganin ya lalace."

"Kallo ɗaya fa, 'yar nan."

Na rubuta wa Yaya na tambaye ta. Amsa ta zo: "Ban ma ɗauke shi hoto ba tukuna."

Gwaggo ta matso da fuskarta kusa da wayar. A ɗan hoton, jaririn yana naɗe cikin zanen da ita ta aika da hannunta.

Tunda ba Yaya ce ta turo shi ba, na goge saƙon ban buɗe ba. Mata suka ci gaba da gardamar suna. Gwaggo ta miƙe a hankali, ta shige ɗaki ta saki labule.