Abin da Maccido Ke Nema

"Baban Uwani, wa ke kallon allon ga?" in ji matata Murja, tana ajiye kwanon fura.

Aikina tsara allon da matuƙin jirgin sama ke dubawa, ni da tabarau kamar gindin kwalba. A ɗakin gwajina na Sama Road akwai kyamara mai bin ƙwayar ido. Duk inda matuƙi ya kalla, sai koren ɗigo ya sauka nan.

Babu kowa a kujerar. Ɗigon kuwa yana ta yawo, yana lalube.

Haka ƙanena Maccido ya yi ta lalube a jirginsa, ranar da jirgin ya faɗi, ya rasu. Gargaɗin yana can kusurwa, ɗan mitsitsi, hasken rana ya shanye shi. Ni na tsara allon, ni kuma na rufe masa ido da hannuna.

Na ce, "Maccido, in kai na, duba tsakiya. Na maido ma shi da manyan baƙaƙe."

Ɗigon ya tsallake gargaɗin, ya gangaro gefen gilashin inda fuskata ta fito, ya zauna a kanta.

Murja ta ce, "Ashe ba gargaɗin yake nema ba."