'Yar Rakiya

Ranar hutunta guda ce a mako, ita ma Inna ta cinye ta.

Tun da uwar mijin nata ta dawo gidansu da zama, matar direba ba ta taɓa jin ta yi kukan ciwo ba, sai a 'yan kwanakin nan. Kullum ta dawo daga gidan burodin da take aiki, ƙafafu a kumbure, sai ta tarar da tsohuwa dafe da ƙirji, wai tana jin wani abu, a kai ta asibiti a duba. Maigidan yana kan hanya da babbar mota. Ta waya ya ce ta yi haƙuri ta raka ta. Haƙuri dai, kamar a kasuwa ake auno shi.

A cikin motar haya ta mayar da igiyar jaka kafaɗar dama, don kwana biyu ɓangaren hagu ba ya son nauyi. Ɗaukar tiren burodi ne, haka ta sha gaya wa kanta. Inna ta kalle ta da wutsiyar ido, ta mai da kai taga.

Asibitin ya cika maƙil. Tana cikin neman wanda za ta tambaya hanya, sai ta hango tsohuwa har ta sha kwana ta kama bene. Mai ciwo ke nan.

A sama mata ne jere a benci, fanka na juyi babu iska. Jikin bango akwai hoton wata mace ta ɗaga hannu tana lalubar hammata. Matar direba ta kau da ido. Ta ɗan yi gyangyaɗi, ta farka da tunanin wankin da ke jiran ta da yaran da za su taso daga makaranta su tarar da tukunya a kife.

Da layi ya zo kansu, Inna ta ƙi tashi. Wai ta ji an ce na'urar ɗaukar hoton nono matse mutum take yi kamar ƙofa ta kama yatsa, ita tsoro take ji. Wata ƙaramar nas ta yi lallashi har ta gaji, matan benci suna ta dariya. Babbar nas kuwa, wata dattijuwa mai tabarau, ko kai ba ta ɗaga daga teburinta ba. Tsohuwa ta ƙara jan mayafi ta rufe jiki, yadda ta saba ko a gida, ko ana tsananin zafi.

"Fara shiga, 'yar nan. In kin fito da ranki sai in bi."

"Inna, ni fa rakiya na zo. Lafiyata ƙalau."

"To tashi mu koma gida."

Ta dubi ƙofar, ta dubi surukarta. Wannan rana ta riga ta salwanta, in suka koma kuma ta mako mai zuwa ma ta tafi. Ta miƙa wa Inna jaka, ta shiga, don dai a rabu lafiya.

Na'urar ga sanyi, ga matsi. Mai ɗaukar hoton ta ce a sake na hagu. Daga nan aka kira likita. Yatsun likitar suka yi ta yawo, suka tsaya daidai wurin da matar direba ta daɗe tana kaucewa da soso in tana wanka. Ƙari ne, bai wuce ƙwayar wake ba. Likita ta ce za a ɗebi kaɗan a gwada, kuma ko da sankara ce, a wannan girman ana cire ta mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Waɗanda ke karya musu zuciya su ne masu zuwa bayan ta bazu.

Ta fito. Inna na nan rungume da jaka, leɓɓanta na motsi. Ba ta tambayi abin da aka ce ba, wuri kawai ta matsa mata.

Matar direba ba ta zauna ba. Ba ta saba barin aiki rabi ba. Ta ja jiki zuwa teburin babbar nas, ta ce saura Inna.

Dattijuwar ta sauke tabarau, ta leƙa bayan matar direba. Tsohuwa ta gyaɗa mata kai a hankali.

"Me za mu duba, ƙanwata? A nan aka cire mata nonon duka biyun, tun ina sabuwar shiga aiki."