Faifan da Za a Aika wa Babbar Yaya

Ranar Asabar, sha takwas ga Mayu, gari ya waye da yayyafi. Tun kafin ƙarfe tara Auta yana zaune a falon yayarsa, da sabon faifan ajiya a gabansa.

Aikin ba wuya a baki. Babbar Yayarsu, wadda ke zaune a wani gari mai nisa, za ta tara dangi da surukai ƙarshen wata, tana so ta haska musu hotuna da bidiyon iyali. Duk suna cikin kwamfutar yayarsa ta tsakiya, shugabar wata makarantar sakandare, mace mai kamun kai wadda har mijinta Shugaba yake ce mata. Umarnin Babbar Yaya a waya gajere ne: a kwafe komai, kada a tsince mata ko ɗaya, kuma ya buɗe da zarar ta jona.

A nan mutuncin Auta ya rataya. Ya daɗe yana kula da kwamfutocin wani kamfani, amma har gobe Babbar Yaya "mai gyaran rimot" take kiransa. Ga shi ita kwamfutar Mac take amfani da ita, mijinta Windows, ɗansu ya ɗora Linux a tasa don neman magana, ga kuma talabijin ɗin falo.

Ya gyara zama ya yi wa Shugaba bayani cewa kafin a zuba wa faifai kaya, sai an zaɓar masa tsarin da zai jera su. In an sa NTFS, Mac za ta karanta amma ba za ta rubuta ba. In an sa APFS, Windows ko kallonsa ba za ta yi ba. Shi kuwa exFAT da kowa yake gaisawa, don haka shi ya zaɓa. Don cika lissafi kawai ya ambaci FAT32, tsohon hannu, mai buɗewa ko'ina, sai dai ba ya karɓar fayil guda da ya haura giga huɗu.

"Huɗu?" in ji Shugaba, tana dubansa ta saman tabarau.

"Huɗu, Yaya. Shi ya sa aka daina yayinsa."

Ta nemi ya nuna mata inda ake ganin girman fayil. Ya nuna mata, cike da farin cikin yau an sami mai son ilimi a gidansu, ya fita baranda amsa waya. Da ya dawo ya tarar ta yanke hukunci: tsohon za a sa.

Auta ya yi magiya, ya kawo hujjoji, har ya ce in abokan aikinsa suka ji sai sun yi masa dariya. Ta bar shi ya gama, kamar yadda take barin iyayen yara su gama a ofis.

"Ka taɓa ganin talabijin ɗin Yaya? Ta girmi aurenka. In sabon naka ya ƙi buɗewa a gaban surukai, sunan wa za a kira?"

Dole ya haƙura. Kwamfutar ma sai da ta yi gardama, wai faifan ya fi ƙarfin tsohon tsarin, sai da ya nemo wata 'yar manhaja ta lallashe ta. Ana yayyafi yana gumi.

Da aka fara kwafa, Shugaba, wadda ba ta iya zaman minti biyar gaban kwamfuta, ta ce ya je ya huta, ita za ta tsare.

Ranar Litinin ya kai ta gidan waya. A mota ta karanta masa wasiƙar da ta haɗa da faifan, layi biyu da rubutunta mai kyau: tana gaisuwa, kuma Allah shaida duk abin da faifan ya karɓa yana ciki. Shugaba ba ta taɓa ƙarya ba, kowa ya san haka.

A gaban kantar gidan wayar ya tambaye ta ko kwamfutar ta yi wani ƙorafi.

"Sau ɗaya. Wai fayil guda ya yi girma. Na ce ta tsallake."

Ta miƙa ambulan, ma'aikacin ya buga hatimi ya jefa shi cikin buhu. Sai a lokacin Auta ya tuna fayil ɗin da shi da kansa ya sauke wa mijinta daga sabuwar kyamara zuwa kwamfutarta bara, yana mitar girmansa: awa guda cur na Shugaba tana koyon tuƙa keke, tana afka wa shukokin maƙwabta, tana ihu tana kiran mahaifiyarsu.