Wa Ya Rubuta Labarin Rufin Aji?

"Suna kawai nake so," in ji mai makaranta, ya maka jaridar ɗalibai a kan tebur. "Wa ya rubuta cewa rufin ajinku na shirin ruftowa kan yara?"

Edita, kamar yadda 'yan ajinsu ke kiranta, ta gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, a akwatin jarida aka jefa takardar, babu suna. Na kwafe da hannuna, na ƙona ta asalin."

"Amma kin gane rubutun."

"Na gane."

"To faɗi mana!"

"Ba zan faɗa ba. A gyara rufin, ai shi ne labarin."

Shugaban makaranta na tsaye a gefe, sai sharce gumi yake. Shekara ashirin yana aiki a nan, ba a taɓa jin ya yi wa mai makaranta musu ba.

"Saura mako biyu jarrabawa, 'yata," ya ce a hankali. "Ki yi tunani."

"Na gama tunani, Malam."

Mai makaranta ya tura wa shugaban farar takarda. "Rubuta mata dakatarwa. Wata guda! Jarrabawar ma ta sha ruwa."

Shugaban ya rubuta, ya miƙa mata. Edita ta duba. Rubutun nan ne dai mai karkata hagu, wanda ta kwafe ta ƙona ranar Litinin.

Ta ninke takardar, ta fice ba tare da ta kalle shi ba, don kada idonta ya faɗi abin da bakinta ya ƙi faɗa.